Daga Gawayin Taruga Zuwa Tukwanen Ushafa: Tarihin Itace, Wuta da Iskar da Muke Shaƙa



Duk wanda ya saba bin hanyar Dutsen Alhaji zuwa Bwari ya san buhunan gawayin nan da ake jerawa a bakin titi, da tulin itacen da ake faskarawa ana ɗaurewa dami-dami. Idan ka ratse ka shiga Ushafa, za ka tarar da wani abin da shi ma wuta ce ta haife shi, wato tukwane da tuluna da kaskon da matan Gbagyi suke ginawa, waɗanda suka sa sunan garin ya zaga duniya. A watan Agustan 2000 shugaban Amurka na lokacin, Bill Clinton, ya zo har Ushafa shi da 'yarsa, ya ga aikin maginan tukwane, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. Wannan labari kowa ya san shi. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne labarin itacen da ake gasa tukunyar da shi: daga ina nauyinsa ya fito, kuma ina yake zuwa bayan ya ƙone ya bar ɗan toka da bai cika tafin hannu biyu ba? Amsar wannan tambaya tana da tarihi mai tsawo, kuma wani ɓangarensa a ƙasar nan tamu ya faru.

Inda bishiya take samo jikinta

Da yawanmu mun taso da tunanin cewa ƙasa bishiya take ci ta yi ƙiba. Turawan da ma haka suka ɗauka. A ƙarni na 17 wani likita a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, mai suna Van Helmont, ya auna busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 ya zuba a tukunya, ya dasa ɗan itace mai nauyin kilo biyu da ɗan wani abu, ya yi shekara biyar ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya cire ya auna, itacen ya kai wajen kilo 77, ita kuwa ƙasar abin da ya ragu a cikinta bai wuce giram 60 ba. Sai ya ce ashe ruwa ne ya zama itace. Ya kusa, amma da saura. A 1779 wani masani ɗan ƙasar Holan, Jan Ingenhousz, ya nuna cewa ganye ba ya gyara iska sai da hasken rana. A 1804, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, wani mutumin Janiba mai suna De Saussure ya tabbatar da cewa daga iska tsiro yake ɗebo babban abin da yake gina jikinsa da shi.

Wannan abu shi ne sinadarin kabon. Idan kana son ka gan shi da idonka, ɗauki gawayi ka duba, kusan dukkansa kabon ne. A cikin iska yana haɗe da oksijin, ana kiran haɗin kabon dayoksaid, ba shi da launi ba shi da wari. Ganyen kaɗanya ko na ɗorawa yana zuƙo wannan iska, ya haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ƙarfin rana ya mayar da su sukari, daga sukarin a sami reshe da ɓawo da 'ya'ya, sai ganyen ya saki oksijin. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da ya fito daga iska. Akuya ta ci ganye, mu mu ci dawa da doya da naman akuyar, kabon ya shiga jikinmu, mu numfasa ya koma iska. Ganyen da ya faɗi gara da ƙananan halittu su cinye shi, wani kason ya koma sama, wani ya zauna a ƙasa ya zama baƙin nan da manomi yake gani ya ce wuri yana da taki. In kuma wuta ce ta ci itacen, abin da bishiya ta tara a shekara arba'in sai ya koma iska a yini ɗaya. Wannan kai da kawowa tsakanin iska da tsiro da dabba da ƙasa da ruwa shi masana suke kira zagayen kabon.

Gawayin da ya faɗi shekarunsa

A kudu maso gabashin Abuja akwai wani wuri da ake kira Taruga. A shekarun 1960 masanin binciken kufai Bernard Fagg, wanda ya yi suna wajen nazarin mutum-mutumin yumɓu na Nok, ya tona wurin ya sami tandunan narka tama, da kashin ƙarfe, da guntayen gawayi. Shekarun wurin kuwa gawayin ne ya faɗe su.

Ga yadda abin yake. A cikin kabon ɗin da ke iska akwai wani ɗan kaso ƙalilan da ake kira kabon-14, wanda yake raguwa da kansa. Muddin bishiya tana raye tana ɗebo sabo daga iska. Ranar da aka sare ta, ɗiban ya tsaya, wanda ke jikinta ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya duk bayan shekara 5,730. Wani Ba'amurke, Willard Libby, shi ya gano yadda za a auna wannan a ƙarshen shekarun 1940, har aka ba shi lambar Nobel a 1960. Da aka auna gawayin Taruga sai aka ga ya haura shekara 2,000 da ɗoriya mai yawa, wato tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa (AS) mutanen wannan yanki suna narka ƙarfe. Da irin wannan awo ne aka gano cewa ana narka tama a Dutsen Dala na Kano tun wajen ƙarni na bakwai.

Me ya haɗa ƙarfe da gawayi? Tama ƙarfe ce da oksijin ya riƙe ta. Idan aka cusa ta a tanda da gawayi aka hura wuta, kabon ɗin gawayin ne yake fizge oksijin ya fice da shi, ya bar ƙarfen. Ke nan kowace fartanya da kowane mashi da aka ƙera a ƙasar nan tun zamanin Nok, bishiya ce ta biya kuɗinsa. Shi ya sa har gobe maƙera suke neman gawayin ƙirya, don itace ne mai tauri, garwashinsa yana daɗewa. Sai dai a wancan zamani mutane kaɗan ne, daji kuma yana da faɗi. Wurin da aka sare ana barinsa ya huta, ya sake tofowa, ya zuƙe abin da wuta ta saki. Zagayen yana rufewa da kansa.

Zazzagawa, Gbagyi da wutar gashin tukwane

Bayan da Zazzau ta faɗa hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yo kudu da jama'arsa zuwa ƙasar Gbagyi da Koro, ya zauna a wajejen Zuba. Ɗan uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja. Kakanninmu Hausawa da suka zo wannan yanki sun tarar da mutane masu noma a gindin duwatsu, matansu suna ɗaukar kaya a kafaɗa, kuma gwanaye ne wajen ginin tukwane.

Macen Gbagyi ba ta bukatar injin juya yumɓu. Da hannu take ɗora shi, tana zagaya tukunyar har ta tashi. In ta bushe sai a jera tukwanen a fili, a rufe da itace da ciyawa, a cinna wuta. Wutar ba ta daɗewa, zafinta yana kaiwa wajen digiri 600 zuwa 700. Baƙin da kake gani a jikin wasu tukwanen hayaƙi ne ya shiga ƙofofin yumɓun tun yana da zafi, wato kabon ɗin da ya fito daga ciyawa ne ya maƙale a ciki. Wasu kuma sukan yayyafa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kan tukunya da zafinta, ya ba ta duhu da sheƙi. Ita kanta ɗorawar ba a sare ta don wannan, 'ya'yanta ake ɗiba, a yi daddawa da kalwa, a yi makuba da ɓawon.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauko wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ta sa shi ya zaga ƙasar nan ya nemo inda za a kafa makarantar koyon sana'ar. Ya zaɓi tsohuwar Abuja, saboda akwai yumɓu, akwai ruwa, akwai itace, ga kuma Sarkin Abuja Sulaimanu Barau mai son aikin, wanda a gidansa akwai tarin tukwanen matan yankin. Cibiyar ta fara aiki a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ita ce hotonta yake bayan takardar naira 20. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Tandar Cardew da itace take aiki, amma zafinta ya haura digiri 1,200, kuma sai an daɗe ana zuba mata itace kafin ta kai haka. Abin lura a nan shi ne, a shekarun 1950 yawan itace yana cikin dalilan da suka sa aka zaɓi wannan yanki. Cibiyar tukwane ta Ushafa, wadda aka kafa daga baya ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, a kan wannan gado ta ɗoru.

A can arewa kuma, inda mutane suka fi yawa, Kanawa sun daɗe da gano dabarar rufe zagayen. Jakuna suna shigo da itace da amfanin gona birni, su koma ƙauye ɗauke da mangalar taki da toka da sharar gida. Manomi yana barin ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo a tsakiyar gonarsa, yana sassabe reshe ya bar uwar. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya yi shekaru yana nazarin karkarar Kano tun daga shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba saboda wannan. Ba su san sunan kabon ba, amma sun san abin da aka ɗiba daga ƙasa sai an mayar mata.

Ranar da birni ya zo

Ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da dokar da ta kafa Babban Birnin Tarayya, a fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000. Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya dawo da fadar gwamnati daga Legas. A tsakanin waɗannan shekaru aka gina madatsar ruwa ta Lower Usuma a maƙwabtan Ushafa, wadda ita ce take shayar da birnin. Ƙidayar 2006 ta ba yankin mutum miliyan 1.4, kuma kowa ya san yadda Kubwa da Dutse da Bwari da ita Ushafa suka tumbatsa tun daga lokacin.

Zuwan birni ya shigo da wani kabon da ba na dajinmu ba, wanda ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa miliyoyin shekaru. An gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka sami ɗanyen mai a Oloibiri a 1956. Kwal ragowar tsirran fadamun zamanin da ne, man fetur kuma ragowar ƙananan halittun teku ne da ƙasa ta danne ta dafa. Duk motar da ta taso daga Ushafa da asuba ta nufi cikin gari, duk janareton da aka tayar, wannan tsohon ajiya ake buɗewa a watsa a iska. Bambancinsa da itace shi ne, bishiyar da ka sare tana iya tofowa ta karɓi abinta, amma babu wanda zai mayar da fetur rijiyarsa.

Siminti ma haka ne. Dutsen farar ƙasa da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato, asalinsa ɓawon halittun ruwa ne, don a wani zamani mai nisa teku ce ta rufe wurin. Idan aka gasa shi a masana'anta, kabon ɗin da ke cikinsa yana fita. Kowane tan na siminti yana sakin fiye da rabin tan na iskar kabon. Abuja kuwa da siminti aka gina ta.

Duwatsun da suka kewaye Ushafa su ma suna cikin zagayen, sai dai tafiyarsu ta hawainiya ce. Ruwan sama yana haɗiyo iskar kabon kaɗan yana saukowa, ya zama mai ɗan tsami, yana cin dutse a hankali. Abin da ya narke ya bi rafi ya shiga Kogin Usuma, Usuma ya zuba a Gurara, Gurara ya zuba a Neja, Neja ya kai teku, halittun ruwa su gina ɓawonsu da shi, wata rana ya zama farar ƙasa. Wannan hanya tana ɗaukar dubban ɗaruruwan shekaru. Abin da dutse yake kwashewa a hankali, mu muna zubawa da gaggawa.

Abin da ma'auni ya nuna

Tun a 1896 wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya yi lissafin cewa in iskar kabon ta ƙaru duniya za ta ɗumama, domin tana barin hasken rana ya shigo amma tana tare zafin da ƙasa take mayarwa sama, kamar bargo. A 1958 Charles Keeling ya fara auna ta a kan dutsen Mauna Loa a tsibirin Hawai, ya sami kimanin kashi 315 cikin miliyan. Kafin zamanin masana'antu wajen 280 ne. Yau ya haura 420. Awon nasa ya nuna wani abin sha'awa: duk shekara adadin yana ɗan sauka lokacin da dazuzzukan arewacin duniya suka yi ganye, ya hau lokacin da suka kaɗe, kamar yadda muke ganin damina da rani. Sai dai kowace shekara inda ya tsaya ya fi na bara. Teku tana shanye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mutane suke saki, dazuzzuka da ƙasa su ma suna shanye kwatankwacin haka, ragowar yana taruwa a sama.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari na hayaƙin man fetur da kwal da duniya take fitarwa ba. Matar da take dafa tuwo da itace a Ushafa ba ita ta ɗumama duniya ba. Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021, ta bakin Shugaba Muhammadu Buhari, cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba, kuma a watan Nuwamban shekarar aka sa hannu a dokar sauyin yanayi. Wannan aikin hukuma ne da manyan ƙasashe.

Amma akwai namu kason, wanda illarsa a ƙofar gidanmu take sauka. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, gidaje da yawa da suka saba da gas sun koma gawayi. Ramin gawayi na gargajiya kuwa mai ɓarna ne: kafin a sami buhu ɗaya sai an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Kuma itatuwan da suka fi ba da gawayi mai kyau su ne masu jinkirin girma, ƙirya da marke da kaɗanya. Kaɗanya tana shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. In gangaren dutse ya zama tsirara, ruwan farko na damina yana wanke baƙar ƙasar saman, wadda ita ce ma'ajiyar kabon da takin gona, ya kai ta rafi, laka ta taru a madatsar da muke sha daga gare ta. Maginiyar tukwane kuma ta ƙara nisa wajen neman makamashi, ko ta saya da tsada, ribarta ta ragu.

Darasin Maraɗi

Ba mu ne farkon shiga wannan hali ba. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, iska tana binne shuka da rairayi. An dasa itatuwa da yawa sun mutu. A farkon shekarun 1980 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma suke sassabewa duk shekara tofon kututturan tsofaffin bishiyoyi ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Sai aka fara zaɓar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su. Manoman Nijar suka kira shi sassabin zamani. Daga gona zuwa gona abin ya bazu a Maraɗi da Damagaram, har masu bincike suka ƙiyasta bishiyoyi wajen miliyan 200 a fili mai kusan hekta miliyan biyar. Talakawa ne masu jin Hausa irinmu suka yi shi da adda da haƙuri. Mu da muke da ruwan sama fiye da ninki biyu na nasu, kututturanmu sun fi nasu saurin tofowa.

Don haka 'yan uwa, ga abin da yake hannunmu. Mai gona ya bar tofon kututture, ya sare reshe ya bar uwar. A daina cinna wa daji wuta don farautar gafiya, domin wutar tana cinye takin da ƙasa ta tara. A mayar da toka da kashin dabbobi da ƙaiƙayi gona. Uwargida ta gwada murhu mai tsimin itace, kuma a rufe tukunya in ana girki. In ƙungiya za ta yi dashe, a yi shi da farkon damina, a kuma raba wa mutane alhakin ban ruwa a ranin farko, don a nan yawancin dashe yake mutuwa. Sannan ga gargaɗi tun da hunturu ba ya sallama: kada a kwana da garwashin gawayi a ɗaki a rufe. In iska ta yi masa kaɗan yana fitar da wata guba marar wari da ake kira kabon monoksaid, tana kashe mutum yana barci.

Waɗanda suka hura wuta a Taruga sun bar mana gawayin da ya ba da labarinsu bayan shekara fiye da 2,000, kuma sun bar dajin da Ladi Kwali ta zo ta tarar. Da kyau mu ma jikokinmu su tarar da ɗorawa da kaɗanya a gindin duwatsun Ushafa. Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.